Na Shiga Garken Surukina da Baro, Kuma Ba Zan Durƙusa Ba

Mama Nolitha, ina gaisuwa. Don Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara kafin Kirsimeti, domin washegarinta dangin mijina za su taru a gidanmu, kuma a kaina za a zauna. Tun yanzu zan gaya miki, ba hanyar ba da haƙuri nake nema ba. In abin da za ki ce ke nan, na riga na ji shi daga bakin matan cocinmu har ya ishe ni. So nake wani ya saurare ni, ya faɗa mini ko ni ce na haukace ko su.

Na haura shekara hamsin, ina zaune a wani ƙauye a bayan Tsolo. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake duk wanda ya karanta a can zai gane ni, oho dai. Mijina Sonwabo ya rasu shekarun baya, ƙurar ramin zinariya ta cinye masa huhu. Ya bar ni da mahaifiyarsa, da nake kira Inna, ta tsufa idonta ya yi rauni. Ya bar ni da 'yarmu Zukiswa, tana aikin kanti a Mthatha, 'ya'yanta biyu suna hannuna. Sai 'yan shanu da ba su kai goma ba, da gona ɗaya a gangaren tudu. Daga gonar nan muke cin tuwo. Ita ce ƙanin mijina Vuyisile ya ce zai ƙwace ya ba ɗan baffansu, muddin ban kawo akuya na durƙusa a gaban dangi na ce na tuba ba.

Laifina shi ne na shiga garken shanu, wato shingen da suke kwana a ciki. Kin san dokar, ke ma an aurar da ke: matar da aka auro ba ta taka garken gidan mijinta, can ruhohin magabata suke. Shekara talatin ina kewaye shi ta baya in zan je ɗibar ruwa, kaina a ƙasa. Surukina, da muke kira Baba, yana kwance a kabarinsa a gefen ƙofar garken, har yau sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ba a same ni da raini ba, Mama. Sonwabo ya sha ce mini in ya bar aiki zai yanka akuya ya shigar da ni garken, a gabatar da ni ga kakanninsa yadda ake yi wa matar da ta daɗe ta haifa wa gida. Ya dawo da tari, kuɗin akuyar ya tafi asibiti, maganar ta bi shi kabari.

To, gonar ta mutu a hannuna ina kallo. Ƙasar ta koma ja, ta yi tauri, in aka yi ruwa sai ya gangare ya kwashi abin da ya kwasa ya zuba a kwazazzabo. In na sara fartanya sai ta yi tsalle ta dawo mini. Na zuba takin zamani shekara da shekaru, duk buhu ɗaya sai na sayar da kaji, amma masarar sai ta fito rawaya, ta tsaya iya gwiwa, ta fitar da goyo ɗan mitsitsi kamar yatsan jinjiri. Bara abin da na girbe bai kai mu tsakiyar hunturu ba. Na auna gari da ƙaramin kofi na dama wa yara kunu, na ce musu ni na ƙoshi. Ba zan manta da wannan ba, kuma ba na so in manta.

Alhali ga garke a tsakar gida, kashin shanu ya taru a ciki tun zamanin kakan mijina, ba wanda ya taɓa kwashewa. Ya yi tudu har shanun suna leƙo kai ta saman shinge. Da damina kuwa sai ya zama taɓo, su kwana a tsaye a ciki. Jar saniyar da muke tatsa ta fara ɗingishi, kofatonta ya ruɓe yana wari. Malamin dabbobi ya zo ya duba, ya ce ba wata cuta ba ce illa ƙazantar da take tsaye a ciki, a kwashe. Ya kuma kalli gonata daga nesa ya ce, Mama, maganin can ai ga shi nan kina toshe masa hanci.

Ni ma na sani, ba sai an faɗa mini ba. A ƙasan garken, inda ruwan sama yake wanko baƙin ruwa ya biyo gangare, Inna tana da ɗan lambunta tun tana amarya. Kabewar da ke fita a wurin sai mutum biyu sun ɗauka. Ko ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore.

Na kira Vuyisile a waya, yana Cape Town yana tuƙa motar wani kamfani. Shi ne namijin da ya rage a gidan, sai da izininsa. Na ce ya zo ya kwashe, ko ya bar ni in sa samarin ƙauye. Shekarar farko ya ce sai ya zo Disamba. Ya zo Disamba, aka yanka tunkiya, aka sha giya, ya tsaya a garken da takalminsa mai ƙyalli yana yi wa Baba magana, ya koma. Shekara ta biyu haka. Ta uku da na matsa, sai ya ce, "Matar Yaya, wannan bargon Baba ne, ba a yaye wa tsoho bargo. Tudun nan shi ke nuna gidanmu tsohon gida ne mai shanu." Na ce to yara su ci me? Ya ce zai turo wani abu ƙarshen wata. Har yau ƙarshen watan bai zo ba.

Ki san waye Vuyisile a wurina. Ranar da aka kawo ni gidan nan yana ɗan yaro mai majina. Ni na wanke masa kayan makaranta, ni na cire masa ƙaya a ƙafa, ni na ɓoye masa ƙanzo in Baba ya hana shi abinci. Yau shi ne zai zauna a kujera in zo da rarrafe. Tabɗi!

A watan Agusta, da ƙasa ta bushe, wata safiya na tashi na ga garin da ya rage a buhu, na ga gonar, na ga garken. Tura ta kai bango. Na ɗauko takalmin robar Sonwabo na aikin rami na zura, na ɗauki shebur, na tura baro. A bakin ƙofa na tsaya. Na ce, "Baba, surukarka ce. Jikokinka ke jin yunwa, ka yi mini aikin gafara." Na shiga. Ƙasa ba ta tsage ba, shanu ba su faɗi ba. Ban je kusa da turken da ake rataye ƙahonni ba, ban taɓa gefen da yake kwance ba. Daga can kusurwar baya na fara. Da na yaye busasshen saman, sai ga na ƙasa baƙi wuluk, yana marmashewa a hannu, ba wari ko kaɗan, sai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Na tsaya riƙe da shi ina hawaye don takaici. Shekarun nan duka abincinmu yana nan, taku kaɗan daga ɗakin girkina.

Inna tana zaune a jikin bango tana shan hantsi. Da na fito da baron farko sai ta juya fuska ta ce, "Ni idona ya mutu, ban ga komai ba." Da na fito da na biyu, ba ta kalle ni ba ta ce, "Na gefen gangare ya fi ruɓewa." Shi ke nan abin da ta ce. Na yi sati uku ina jigila ni kaɗai, hannuna ya yi kanta, bayana har yanzu bai daidaita ba. Na baza shi, na sa aka bi da garma, ruwan Oktoba ya sauka na shuka masara da wake da kabewa.

Mama, da za ki zo ki gani! Masarar ta kai mini ƙugu tun yanzu, ganyenta kore shar har yana baƙi-baƙi. In aka yi ruwa ƙasar tana shanyewa, ba ta gudu. Jiya na tona da yatsa na ga tana, rabon da in ga tana a gonar nan tun Zukiswa tana goye. Jar saniyar ma ta daina ɗingishi.

Ashe maƙwabciyata Nofezile, wadda ba ta da aiki sai leƙen shingen mutane, ta ɗauke ni hoto da waya ina tura baro da takalmin mamaci. Ta ajiye abinta. Sai da aka sallami Vuyisile daga aiki a watan Oktoba, ya je wurin boka, boka ya ce masa ƙafar baƙuwa ta taka wurin magabata, sannan Nofezile ta tura wa matar Vuyisile hoton. Kafin yamma ya zaga duk dangi. Baƙuwa, Mama! Shekara talatin, na binne musu uba, na binne musu ɗa, ina wanke musu uwa, amma ni ce baƙuwa. Kuma wane gida ne a ƙasar nan boka zai ce an taka wani abu a rasa abin da aka taka? An sallami direbobi da yawa rana ɗaya da shi, su ma ni na shiga garken ubanninsu?

Ya kira ni yana ihu. Wai na tsiraita mahaifinsa, na jawo masa tsiya. Wai in kawo farar akuya, in durƙusa a gaban baffanninsa, sannan in mayar da takin inda na ɗebo shi. In mayar! Na ce masa ya zo ya tambayi masarar ta amayo masa. Na san ban kyauta ba a nan, amma raina ya ɓaci: na ɗauki hoton gonar na tura a zauren dangi na waya, na rubuta cewa ga bargon Baba nan ya rufe jikokinsa, wanda ya fi shi iya ciyar da su ya turo buhu. Wasu sun yi dariya, shi kuwa ya rantse sai ya raba ni da gonar, tunda a cewarsa ta gidansu ce ba ta gidan ubana ba.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. In ɗanta ya kira ta sai ta ce to, to, ta ajiye wayar ta share ido. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa a kaina ba. Ita ce fa ta nuna mini inda ya fi ruɓewa. Ni ke dama mata kunu, ni ke kai ta bayan gida, amma da aka zo wurin magana ta bar ni ni kaɗai.

Matan coci sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ba da akuyar a wuce wurin. Zukiswa tana kuka tana cewa in yi don gonar. Ni kuwa na ce in na durƙusa na yarda ke nan cewa ciyar da yara laifi ne, kuma baɗi ba ni da bakin sake ɗiba, gonar ta koma gidan jiya. Gwiwata ta Allah ce. Amma in na ƙi, suka karɓe gonar da masarar a tsaye, me zan ba yaran nan? Ba na iya cin abinci don tunani. Ki gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Surukar da ta shiga garke, daga bayan Tsolo.

*

'Yar'uwata, sannu da ɗawainiya, sannu da ciwon baya. Ba ki haukace ba. Kada ki durƙusa a kan takin nan, kada kuma ki mayar da ko cokali ɗaya. Na faɗa miki wannan da fari don ki samu ki ci abinci. Sauran maganar tana da ɗan ɗaci, tunda kin ce kina so.

Kin yi daidai da gonarki. Ƙasar da aka yi shekaru ana ɗiba ba a mayar mata ta gaji, kuma takin zamani shi kaɗai ba ya tayar da ita, domin shuka yake ciyarwa, ba ya sa ƙasa ta yi laushi ta riƙe ruwa. Ruɓaɓɓen kashin shanu ne ke yin wannan, tanar da kika gani kuwa ita ce shaida. Shanun ma kin yi musu gata. Kakannin mijinki manoma ne, da shanu da gona suka riƙe gidan, ban ga yadda za su yi murna da tudun kashi alhali jikokinsu suna kwana da kunu ba. A gidaje da yawa da na sani, maza da kansu suke kwashe garke duk hunturu su kai gona, ba wanda ya ce an yaye wa wani bargo.

Amma ki tsaya ki dubi Vuyisile da idon da kika dube shi yana yaro. Mutum ne da ya rasa uba, ya rasa wa, yanzu ya rasa aiki a garin da ba wanda zai ba shi ko ruwa kyauta. Wuri ɗaya ya rage masa a duniya da yake tsayawa ya ji shi ɗan wani ne, shi ne garken nan. Sai ya buɗe waya ya ga an shiga ba da saninsa ba, kuma a bakin Nofezile ya ji. Tsoro ne ke sa shi ihu. Ya yi sakaci da ku shekara uku, wannan nasa laifin ne, kuma ranar taro a faɗa masa shi a gaban kowa. Ke kuma naki laifin ɗaya ne: saƙon nan da kika tura a zauren dangi. Kin caki mutumin da ba shi da aiki da maganar buhu, mutane suka yi masa dariya. Ba don kashin shanu yake neman gonarki yanzu ba, don dariyar nan ce. Ki kira shi ke da shi, kafin ya taso, ki ce wannan maganar kin janye ta. A kanta kaɗai za ki ba da haƙuri, a tsaye, kuma ki faɗa masa a fili cewa ban-haƙurin bai shafi baro ba.

Yanzu ga abin da na gani a wasiƙarki, wanda ke kika wuce shi da sauri. Kin ce Sonwabo ya yi alkawarin yanka akuya ya shigar da ke garken, rai ya yi halinsa. To ai akwai maganar akuya a gidan nan tun kafin ta Vuyisile, kuma su ya kamata su kawo miki ita. Matar da ta shekara talatin, ta haihu, ta binne suruki da miji, take jinyar uwar gida, ta daɗe da cancantar a riƙe hannunta a kai ta gaban turke a ce wa magabata ga 'yarku. Da an yi wannan a kan lokaci, da ba boka a duniya da zai kira ƙafarki ta baƙuwa. Su suka bar ki a waje, sannan suka tafi birni suka bar miki shanu da gona da tsohuwa. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta.

Saboda haka kada ki jira ranar taro. Ki shirya cikin makon nan ki je wurin babban baffansu, da ɗan abin gaisuwa, da ladabin da kika saba. Ki ce ba ƙara kika kawo ba, alkawarin ɗansu mamaci kika zo tunatarwa. Ki ce kin yarda a yanka akuya, kin yarda a yi wa Baba magana a gaya masa abin da ya faru da dalilinsa, amma akuyar ta shigar da ke ce. Dattawa sun fi son a gyara al'ada a kan a tozarta gwauruwa a gaban jikokinta, kuma wannan hanya ta ba Vuyisile abin da yake bukata: jini ya zuba, an sanar da mahaifinsa, ya koma da kansa a sama. In sun ce ba su da akuya, kada ki tsaya jayayya a kan wa zai saya. Abin da za a faɗa a kanta lokacin yanka shi ne naki.

Duk da haka ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je wurin mai garinku ki sanar da shi cewa ana barazanar raba ki da gonar mijinki, ya san da maganar tun kafin ta zo masa daga wani bakin. Ki sa Zukiswa ta raka ki ofishin masu ba da shawarar shari'a kyauta a Mthatha, su gaya miki matsayinki. Ba a korar matar mamaci daga gonar da take ci da ita don kawai wani ya yi fushi a waya. Ba sai kin ɗaga wannan a taro ba, ki dai riƙe shi a zuciya don muryarki ta fita ba rawa.

In kuma suka ƙi shigar da ke, to ki tuna dokar ƙafarki ta hana shiga, ba ta hana taki fita ba. Zukiswa 'yar gida ce, jininsu ce, ba mai hana ta garken kakanta. Ta zo hutun hunturu ta riƙe shebur a ciki, ke ki tsaya da baro a bakin shinge. Ko ta wace hanya gonar ba za ta koma gidan jiya ba.

Tunda za ki ci gaba, ki kula da abu kaɗan. Tsohon da kika ɗiba bana ya riga ya ruɓe, shi ya sa ya karɓe ki. Ɗanye kuwa yana ƙona shuka, yana kawo ciyawa, kuma bai dace da ganyen da za a ci nan kusa ba. Ki riƙa tara sabon a waje guda a inuwa, ki haɗa da karan masara da busasshiyar ciyawa da kashin kaji, ki yayyafa ruwa, ki rufe, ki riƙa juyawa har ya yi baƙi ya daina wari. Ki shimfiɗa kara a garken don ya tsotse fitsarin, shi ma taki ne. In ya yi kaɗan kada ki baza ko'ina, ki zuba a ramin shuka. Gefen turke da gefen kabari kuma ki bar su yadda kika bar su, ko bayan an shigar da ke. Ki bar wa Vuyisile wurin tsayawa.

Saura Inna. Kin ce ta bar ki ke kaɗai, ni kuwa ban ga haka ba. Matar nan ma auro ta aka yi. Ta yi shekarun da suka fi naki tana kewaye garken nan ta baya, tana kallon abincin 'ya'yanta ta saman shinge, abin da ta iya kawai shi ne ta dasa kabewa a inda ruwan yake biyowa. Ta yaya kike tsammani ta san na gefen gangare ya fi ruɓewa? Ta daɗe tana lissafin abin da ke kika yi. Ba za ta iya yi wa ɗan da ya rage mata tsawa a waya ba, kada ki nema daga gare ta. Amma ki zauna kusa da ita ki tambaye ta abu ɗaya: ita an taɓa shigar da ita? Jikina yana ba ni ba a yi ba. In haka ne, ki gaya wa baffan cewa mata biyu ne ke jira, kuma ba ki shiga sai tana gaba. Ina son ganin ɗan da zai tashi a gaban dangi ya ce uwar da ta haife shi baƙuwa ce a garken ubansa.

Ranar, ki ajiye takalmin Sonwabo, ki ɗaura zanenki mai kyau, ki riƙe tsohuwar a hankali don ƙasan ba daidai yake ba tunda kin haƙe. In masarar ta nuna kuma, goyon farko ki gasa ki kai gindin turke da hannunki, na biyu ki aika wa Vuyisile har Cape Town. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sassauta miki bayan nan, ya sa ku shiga ku biyu da ƙafafunku.

Taki,
Mama Nolitha